Yadda za ka zagaya Gidan Arewa ba tare da turmutsutsu ba

A Gidan Arewa da ke Titin Rabah a Kaduna Sardauna Ahmadu Bello ya zauna lokacin da yake Firimiyan Jihar Arewa, a nan kuma sojoji suka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966. A 1970 aka mayar da gidan cibiyar tarihi, Farfesa Abdullahi Smith ya fara jagorantarta, yau tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Wuri irin wannan ba a kallonsa ana tura ka ta baya.

Fara da zaɓen rana. Ka kauce wa hutun Sallah da tsakiyar Janairu, lokacin da ake tunawa da Sardauna. Babban abin da ke cika harabar shi ne taro, domin zauren gidan matattarar 'yan siyasa ne. Ranar da manya suka zo, jiniya da 'yan rakiya za su hana ka ko wurin ajiye mota. Saboda haka ka tambayi masu gadi tun ana gobe ko akwai taro. Talata ko Laraba sun fi mini. Juma'a kuwa gajeriyar rana ce, hankalin kowa na kan masallaci.

Sai sammako. Ka isa da an buɗe, kafin motocin 'yan makaranta su sauke yara. Idan sun riga ka, kada ka bi sahunsu. Ayari ɗaya suke tafiya, malami na gaba yana tsawa. Ka nufi ɓangaren da ba su kai ba, ko ka zauna a inuwa har su wuce, ba sa daɗewa.

Da ka shiga, ka gaida ma'aikaci yadda ya kamata: "Ranka ya daɗe, ina kwana, ya aiki?" Ka roƙe shi ya zagaya da kai. Idan ba cunkoso, zai tsaya gaban hotunan ministocin Arewa ya faɗa maka wane ne wane, abin da ba zai samu sukunin yi wa mutum hamsin ba. Kafin ka ɗaga waya ɗaukar hoto, nemi izini.

In rana ba ta yi ba, ƙarasa Gidan Tarihi na Ƙasa a Titin Ali Akilu, tsohuwar hedkwatar NPC, jam'iyyar Sardauna, ka ga mutum-mutumin yumɓu na tsohuwar al'adar Nok. Ka bar can kafin motoci su cushe titin da la'asar.