Matakan Zaɓen Tayar Zafi ga Wili Mai Inci 16

Da farko buɗe ƙofar direba, ka duba takardar da aka manna a jikin ginshiƙin. Nan kamfani ya rubuta girman tayar motarka, misali 205/55 R16 91V. Kada ka dogara da tayar da ke ƙafar motar, wataƙila mai ita na da ya sauya.

Sai ka karanta lambobin. 205 faɗin taya ne a milimita, 55 tsayin gefenta ne, wato kashi 55 cikin ɗari na faɗin, 16 kuma girman wili ne. Wannan ta ƙarshe ba ta da sassauci, tayar 15 ko 17 ba za ta zauna ba. 91 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 615, V kuma gudun kilomita 240 a awa. Kada ka sayi ƙasa da haka.

Na uku shi ne inda na fi so ka natsu, musamman wajen tayoyin gwanjo daga Turai. Juya gefen tayar. In ka ga hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki, galibi tayar sanyi ce, ajiye ta komai arharta. Robarta laushi gare ta, an yi ta don sanyin ƙasa da digiri 7. Kwaltar Afrilu cinye ta za ta yi, birki ma ya ƙi kamawa da wuri.

Duba shekarunta. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar, kamar 2423, na nufin mako na 24 na 2023. Wadda ta haura shekara shida ko gefenta ya tsattsage, bar ta.

A ƙarshe sayi biyu iri ɗaya, mai faci ya ɗaura su a baya, ya sa iska daidai da takardar nan.