Kwana arba'in na angon ƙarni: jariri, ƙwallo da kiɗa a gida ɗaya

A Katsina da Daura an saba ɗaukar jego a matsayin sha'anin mata. Angon ƙarni ya kawo itacen wanka, ya sayi rago, ya kai kauri, sannan ya zauna ƙofar gida yana amsa barka. In ɗan fari ne, alkunya ma kan sa ya yi nesa-nesa, balle idan mai jegon ta tafi wankan gida. To amma yanzu ma'aurata da yawa su kaɗai ne a gidan haya a Sabuwar Unguwa ko Barhim, tsohuwar da ta zo taya zama kuwa sati biyu za ta yi ta koma. Da ƙarfe biyun dare, daga kai sai matarka sai jariri mai kuka. Ba sai ka daina kallon ƙwallo ko jin waƙa ba, sai dai ka san cewa a makonnin nan shida agogon jariri ake bi, ba jadawalin Firimiya ba.

Abin da za ka tsaya a kansa tun ranar farko

Bayan ka yi masa kiran salla a kunne, abu na gaba shi ne nono. A sa shi a nono cikin awa guda da haihuwa. Dakashi, wato nonon farko mai kauri ruwan ɗorawa, shi ne garkuwarsa ta farko, don haka kada ka yarda a matse shi a zubar wai yana da dauɗa. Kada a ba shi ruwan ɗumi, ko ruwan sukari, ko madarar shanu kafin nono ya kawo. Zuma haramiyarsa ce har ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya yaƙa ba. Wanda zai yi masa tahniki ya wanke hannu da sabulu, ya ɗan shafa dabinon a dasashi kawai, ba ciyarwa ba ce.

A jinkirta wankan farko zuwa awa 24. A goge shi, a sa masa hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa. In nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, ma'aikatan asibiti za su nuna muku yadda ake ɗaura jariri a ƙirji fata da fata. Wannan aiki uba ma yana yinsa, kuma yana yinsa da kyau idan uwa ta gaji ko an yi mata tiyata.

Kafin ku bar asibiti ka tambayi rigakafi uku na haihuwa: BCG ta tarin fuka, ɗigon shan-inna, da allurar ciwon hanta nau'in B, wadda ta fi amfani cikin awa 24. In a gida aka haihu, a kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa washegari, kada a ce sai bayan suna. Katin rigakafin ka adana shi inda kake ajiye takardun gida. Na gaba a sati 6 ne, sai sati 10, sai sati 14. Rajistar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa kuma a yi ta cikin kwana 60. Ma'aikacin Gwamnatin Tarayya yana da hutun haihuwa na kwana 14 da aka amince wa iyaye maza a 2021, sai ya nema tun da wuri.

Cibiya ita ce inda aka fi samun saɓani da tsofaffi. Abin da asibiti ke bayarwa shi ne man kulohekzidin, a shafa sau ɗaya a rana da hannu mai tsabta, a naɗe bakin famfas ƙasa don iska ta riƙa shiga. Man goge haƙori, toka, gishiri da gashi da tsumma mai zafi duk hanyoyi ne da ƙwayar cuta ke bi ta shiga jini, har da tsinkau-tsinkau mai sandarar da jariri. Cibiya kan faɗi da kanta cikin sati ɗaya zuwa biyu. Kada ka yi jayayya da surukarka a gaban mutane. Ka keɓe da ita ka ce, "Mama, likita ce ta ce wannan kaɗai za a sa, ki taimaka mini ki riƙa lura." In ka ba ta aikin a hannunta, ita za ta hana wasu.

Lissafin nono da famfas

Jariri na shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, wato kusan kowace awa biyu zuwa uku, wani lokacin ma a jere da yamma. Cikinsa ƙarami ne, nono kuma ba ya daɗewa a ciki. Yawan neman nono ba alamar cewa nonon bai isa ba ce. Abin da zai nuna maka ya isa shi ne famfas: daga kwana na biyar ya riƙa jiƙa aƙalla shida a rana, kashinsa ya tashi daga baƙi mai danƙo ya koma ruwan ɗorawa. Yakan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ya dawo da shi wajen sati biyu. Ko a zafin Afrilu na Katsina ba a ba shi ruwa sai ya cika wata shida. Uwar ce za ta ƙara shan ruwa, ta ƙara ba shi nono.

Kai ba ka shayarwa, amma duk abin da ke kewaye da shayarwa naka ne. Da dare ka ɗauko shi, ka canza famfas, ka miƙa mata, ka ajiye mata ruwan sha kusa. In ya ƙoshi ka karɓe shi, ka sa zane a kafaɗarka, ka jingina shi da ƙirjinka, hannu ɗaya a ƙeyarsa domin wuyansa bai yi ƙwari ba, ka riƙa shafa bayansa har ya yi gyatsa. Minti biyar zuwa goma ya isa. Sannan ka kwantar da shi rigingine a kan katifa mai tauri, ba filo, ba tulin bargo, cikin gidan sauro. Maganin sauro mai hayaƙi da turaren wuta a bar su a waje, huhunsa bai iya ɗauka ba.

Yadda za ka kalli wasa

Wasa da hutun rabin lokaci da ƙarin mintuna kusan awa biyu ne, daidai tazarar da ke tsakanin shan nono biyu. Saboda haka dabara mafi sauƙi ita ce jariri ya sha ya ƙoshi gab da take wasa, kai ka karɓe shi, uwarsa ta shiga ɗaki ta yi barci. Da hutun rabin lokaci ka duba famfas. Da haka ka ga wasanka, ita ta samu barcin awa biyu cur, wanda a wannan lokaci ya fi mata kowane kayan barka.

Ka san lokutan tun da wuri. Wasannin Katsina United a filin Muhammadu Dikko galibi ƙarfe huɗu na yamma ake take su. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, wasan ƙarfe uku na Ingila ƙarfe huɗu ne a nan, babban wasan dare na Gasar Zakarun Turai kuma ƙarfe tara, ya ƙare wajen sha ɗaya. A sauran watanni wasannin Ingila da na Turai na farawa awa guda kafin waɗannan lokutan. Wasannin la'asar da na magariba su ne masu wahala, domin jarirai sun fi rigima daga yamma zuwa farkon dare. Wannan kuka kan ƙaru har wajen sati shida, ya fara lafawa a wata na uku zuwa na huɗu. In wasan yamma ya ci karo da wannan lokaci, ka haƙura da shi ka kalli taƙaitaccen bayani a waya daga baya.

Kana riƙe da jariri, akwai abubuwan da ba a yi. Ba ihu idan an ci ƙwallo: ƙara ta ba-zata na sa ya firgita ya watsa hannuwa, barcin da aka sha wahala kafin a samu ya tafi. Ba zabura, ba cilla shi sama don murna. Jijjiga jariri da ƙarfi, ko don farin ciki ko don haushi, na iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa, ya makance ko ya rasu. In ka san kanka ba ka iya zama lokacin fenariti, ka kwantar da shi a shimfiɗarsa kafin a buga. Haka in ƙungiyarka ta sha kashi, ranka a ɓace, shi kuma ya ƙi yin shiru: ka ajiye shi rigingine, ka fita tsakar gida ka sha iska minti biyar, ka dawo. Kukan minti biyar ba zai cutar da shi ba. Kada kuma barci ya kwashe ka a kan kujera yana ƙirjinka, yana iya zamewa fuskarsa ta nutse a jikin kushin. Da ka ji gyangyaɗi, ka mayar da shi.

In an ɗauke wuta ka tada janareta don wasa, ya kasance can waje nesa da taga da ƙofa. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, jariri kuma shi take fara kamawa.

Gidan kallo ba a hana ka ba, amma a sati biyun farko ka bari. Bayan nan sau ɗaya a mako, da sanin mai jego, da wani babba a gida, wayarka a kunne, babur da mai a ciki. Wuri ne na cunkoso da tari da hayaƙin taba, don haka in ka dawo ka sauya riga ka wanke hannu kafin ka taɓa shi. In ka kwaso mura, ka rufe hanci da baki, ka daina sumbatarsa. 'Yar jesin ƙungiyarka da ka saya masa, a sa masa a ɗauki hoto a cire, yadinta na roba ne, yana riƙe zafi ya fito masa da ƙuraje. Kuɗin da wasu ke zubawa a cacar ƙwallo kuwa, ko ba a yi maganar haramcinsa ba, kuɗin famfas ne da na asibiti.

Kiɗa da waƙa

Jariri yana ji tun yana ciki, shi ya sa muryar da ya saba da ita ke kwantar masa da hankali. Muryarka ta fi kowace sifika. Ka rungume shi, ka riƙa takawa a hankali kana rera abin da ka iya ƙasa-ƙasa, waƙar reno ce, bege ne, ko karatun Alƙur'ani. Abin da ke aiki shi ne maimaici: abu guda, a lokaci guda, kowane dare, har ya gane cewa in ya ji shi barci ya zo. Garaya ko gurmi mai tafiya a natse ya fi kiɗan zamani mai dukan ƙirji.

Ma'aunin ƙara mai sauƙi ne: in sai ka ɗaga murya kafin matarka ta ji ka, ya yi yawa. Waya ko rediyo su kasance can gefen ɗaki, ba a kan shimfiɗarsa ba, kuma kada a taɓa sa masa iyafis. In kai ne mai sauraro, ka sa a kunne ɗaya ka bar ɗayan a buɗe. Gidan ba sai ya yi tsit ba, hira da motsin yau da kullum ba sa hana shi barci.

Ranar suna ce ake shan wahala. In za a kawo makaɗa ko manyan sifiku, a kafa su a waje su ba ɗakin mai jego baya, jariri kuma kada a zagaya da shi kusa da su. Ka nemi ƙanwarka ko gwaggonka ta tsaya bakin ƙofa da buta da sabulu. Ka tsaya da kanka lokacin da wanzami zai yi aski, da sabuwar reza da aka ɓare a gabanka. Cire belu da yankan angurya ka ce a'a, ba sa maganin komai, jini da cuta kawai suke jawowa.

Abin da ba a jira gari ya waye

Ka sayi ma'aunin zafin jiki, ka koyi sa shi a hammata. A tafi asibiti nan take idan jariri ya ƙi kama nono, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya motsi sai an taɓa shi, ko zafinsa ya kai 37.5 ko ya faɗi ƙasa da 35.5, ko cibiya ta yi ja tana ruwa. Ka ƙirga numfashinsa na minti guda cikakke yana kwance shiru: 60 ko fiye, ko ƙirji na lotsawa, alamar haɗari ce. Shawara a duba ta a hasken rana, a danna hanci ko goshi a ga launin fata. In ta fito ranar farko, ko ta kai tafin hannu da na ƙafa, ba ta shanya a rana ba ce, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ka kuma fitar da kafur daga akwatin kayansa, yana fasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai ya tsananta shawarar. A birnin Katsina akwai asibitin mata da yara na Turai Yar'adua da Asibitin Koyarwa na Tarayya, a Daura akwai babban asibiti. Ka san hanya, ka tanadi lambar mai mota ko mai a-daidaita da zai ɗauki waya da dare.

Mai jego ma ka sa mata ido. Jinin da ke jiƙa ƙunzugu sharkaf cikin awa guda, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, zazzaɓi, wari daga gaba, kumburin ƙafa da haki in ta kwanta, duk na asibiti ne. Likitoci a Zariya sun daɗe da alaƙanta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi, don haka a sirka ruwan, a rage kanwar, a ba ta nama da ƙwai da wake da ganye. Kuka da ƙunci a kwanakin farko abu ne da ake gani, amma in ya wuce sati biyu tana ƙin abinci, ba ta barci ko jariri na barci, ko tana cewa ba ta da amfani, ka raka ta wurin likita ka faɗi abin da ka gani da bakinka, domin sau da yawa kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba. A kai su awo kwana na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da sati na shida, ranar da za a yi wa jariri rigakafi na biyu.