Yadda Ake Fita Fatsa da Abokai a Tafkunan Haya na Ingila Lokacin Hunturu, da Yadda Ake Shiga Harbin Fezan

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, yini a Ingila gajere ne ƙwarai, har ma a wajajen 21 ga Disamba rana takan faɗi a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma. Duk da wannan sanyi da duhu, mutanen ƙasar suna da harkoki biyu da ke fitar da su daga ɗaka: kamun kifi da fatsa a tafkunan da ake biyan kuɗi a shiga, da harbin wani tsuntsu mai dogon wutsiya da suke kira fezan. Bahaushen da karatu ko aiki ya kai shi can zai iya shiga duka biyun, sai dai kowannensu yana da ƙa'idojin da ba a yi wa baƙo uzuri a kansu.

Mataki na farko shi ne sayen lasisin fatsa, wanda Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila take bayarwa ta intanet. Duk wanda ya kai shekara 13 dole ne ya mallake shi, ko da a tafkin wani mutum zai jefa fatsa, kuma tarar rashinsa tana iya kaiwa fam 2,500. Akwai na kwana ɗaya, da na kwana 8, da na wata 12, saboda haka mai gwaji ya fara da na kwana ɗaya. Lasisin bai zama izinin shiga tafki ba. Kuɗin yini daban ne, ana biyan sa ga mai wurin. A koguna an hana kama irin kifayen da ake samu a waɗannan tafkuna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni domin su hayayyafa, amma yawancin tafkunan haya a buɗe suke duk shekara.

Daga nan sai zaɓen wuri da rana. Tafkunan haya galibi haƙa su aka yi a gonaki, aka zuba musu kifi da yawa, aka yi wa kowane mai fatsa mazauninsa mai lamba a bakin ruwa. Daga cikin sanannu akwai Makins da Tunnel Barn Farm a yankin Warwickshire, da Lindholme Lakes kusa da Doncaster, da Partridge Lakes kusa da Warrington. Mutum ɗaya daga cikin abokai ya buga waya tun ana gobe, ya tambayi abu uku: ko ruwan ya daskare, ko masu gasa sun riga sun kama wani tafkin, da kuma wane abinci kifin yake ci a makon. Masu wurin sukan faɗi gaskiya, domin suna son a dawo. Game da rana, wadda ta fi ita ce mai gajimare da iska mai ɗan ɗumi daga kudu maso yamma, musamman idan yanayin ya yi kwana biyu ko uku bai canza ba. Safiyar da aka tashi ciyawa ta yi fari fat da ƙanƙara, sama kuma tangaran, tana da kyan gani amma kifi yakan kame bakinsa.

Tufafi ba abin wasa ba ne, domin mai fatsa a zaune yake wuni guda. A sa riguna marasa kauri hawa-hawa, a ɗora wadda ruwa ba ya ratsawa a sama, a nemi takalmi mai rufi da safa mai kauri da hular sanyi, a cika filas da shayi. Musulmi ya duba lokutan salla tun daga gida, saboda azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da kusa a wannan lokaci, kuma ya fi sauƙi a fito da alwala a kan a nemi yin ta da ruwan da ke ƙone yatsa don sanyi. Doka ta hana barin fatsa a cikin ruwa ba kowa a kanta, don haka a fitar da ita kafin a tada salla.

Idan an isa, a karanta allon ƙa'idojin wurin kafin a sauke kaya. Kusan ko'ina ana buƙatar ƙugiya marar ƙayar baya, wadda take fita daga bakin kifi ba tare da ta yaga shi ba, da koma mai sanda ta ɗauko kifi daga ruwa, da 'yar katifar da ake kwantar da babban kifi a kai. Wasu wuraren sukan sa a tsoma koma cikin ruwan magani a ƙofa don kada a shigo da cuta daga wani tafkin. Tun 1987 aka hana amfani da darmar da nauyinta yake tsakanin giram 0.06 da giram 28.35 a jikin zaren fatsa, saboda manyan tsuntsayen ruwa suna haɗiye ta su mutu. Shagunan kayan fatsa suna sayar da madadinta.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne fahimtar halin kifi a cikin sanyi. Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki, idan ruwa ya yi sanyi narkewar abincinsa takan ragu, motsinsa ya ragu, har abin da zai ci a rana guda ta bazara ya ishe shi kwanaki. Ruwa ya fi nauyi a daraja 4 na ma'aunin salshiyos, shi ya sa idan saman tafki ya kusa daskarewa, ƙasansa yakan fi ɗumi, kifaye kuma su taru a can, ko a gindin tsibiri, ko a jikin busassun ciyayin bakin ruwa. Saboda haka kafin a sa abinci a ƙugiya, a rataya mata ɗan nauyi a riƙa jefawa nan da can har a gane inda ya fi zurfi da inda ƙasa ta yi gangare. Minti goma da aka ɓata a wannan awo sun fi awa biyu na jifa a inda babu kowa. Kifin da ake kira kaf, wanda shi ne babban abin nema da bazara, yakan yi lamo da hunturu. Waɗanda suke ci gaba da ci su ne roc mai jajayen fukafukai, da fac mai zane-zane a jiki, da F1, wanda haɗin irin kaf biyu ne da aka yi kiwonsa musamman don tafkunan haya.

Kayan aiki ma sai an rage musu girma. A yi amfani da ƙugiya lamba 18 ko 20, a tuna cewa yawan lamba ƙanƙantar ƙugiya ne, da zare siriri kamar milimita 0.10 zuwa 0.12 a ƙarshen fatsa, domin ruwan hunturu garau yake, kifi yana ganin komai. Ɗan tsinken da ke shawagi a saman ruwa, wanda nutsewarsa ke nuna kifi ya ci, a danne shi da nauyi har sai ɗan kansa kaɗai ya rage a waje, saboda cin kifi a wannan lokaci bai wuce taɓawa ba. Abincin da aka fi dogara da shi shi ne tsutsa, wadda ake sayarwa da awo a shaguna, sai tana, da ƙwayar masarar gwangwani, da ɗan guntun burodi. Turawa da yawa suna amfani da naman gwangwani wanda na alade ne. Masara da burodi sun wadatar da wanda ba ya son taɓa shi.

A nan ne sabon shiga yakan ɓata wa kansa yini. Yana zama sai ya watsa tafin hannu biyu na tsutsa a ruwa, yana ganin karamci ya yi, alhali ya ƙosar da 'yan kifayen da suke da niyyar ci tun kafin su ga ƙugiyarsa. Daidai shi ne a jefa tsutsa huɗu ko biyar, a saurara minti biyar, idan an samu ci a ƙara kaɗan, idan ba a samu ba a bar wurin ya huta a gwada wani gefen. Abin da aka zuba a ruwa ba ya kwasuwa. Na fi yarda da mutum ya tanadi wurare biyu ko uku a gabansa, ɗaya a zurfi, ɗaya kusa da tsibiri, ɗaya a gefen ciyayi, yana zagaya su a hankali. Sau da yawa sa'ar ƙarshe kafin duhu ita ce ke biyan wahalar yinin, lokacin da haske ya dusashe, tsinken da ya wuni a tsaye kamar an kafa shi ya fara karkata yana nutsewa, ga yatsu sun ƙage har sa tsutsa a ƙugiya ya zama aiki. Wanda ya naɗe kayansa da ƙarfe biyu don ya gaji, shi ne yake jin labari a mota.

Amfanin fita da abokai ya wuce hira. A zauna a mazaunai makusanta, kowa ya fara da abinci daban, wanda ya fara samu ya sanar da sauran zurfin da ya samu da abin da ya sa. Idan ana son 'yar gasa, a rubuta lambobin mazaunai a takarda a jefa cikin hula kowa ya zara, a yi awa biyar, a auna abin da kowa ya tara idan wurin ya yarda da ragar ajiye kifi cikin ruwa. Ba sai an sa kuɗi ba. Sannan a sani cewa duk kifin da aka kama a ruwa ake mayar da shi da ransa: a jiƙa hannu kafin a taɓa shi, a cire ƙugiya da sauri, a durƙusa a sake shi a hankali. Wanda ya saba ganin giwan ruwa a kafaɗar masunta a Argungu zai ji abin banbaraƙwai, amma kifin dukiyar mai tafki ne, ɗaukarsa zuwa gida laifi ne a ƙarƙashin dokar sata ta 1968.

Harbin fezan harka ce mai tsada da tsauraran dokoki, shi ya sa shigarta take bi ta wata ƙofa daban. Tsuntsun ɗan asalin nahiyar Asiya ne, dangin fakara ne amma ya fi ta girma. Namijin yana da kore-koren kai da jan fuska, macen kuwa kalar ƙasa ce. Ana kiwon miliyoyinsu a sake su a dazuzzukan gonaki da bazara. Lokacin harbinsu a Ingila daga 1 ga Oktoba ne zuwa 1 ga Fabrairu, kuma dokar farauta ta 1831 ta hana harbin su ranar Lahadi da ranar Kirsimeti.

Hanya mafi sauƙi ga baƙo ita ce ya fara a matsayin mai kora, ba mai bindiga ba. A ranar harbi, masu bindiga sukan tsaya a jere, kowa a turken da ya zaro lambarsa, masu kora kuma su shiga daji daga ɗaya gefen a layi guda, suna bubbuga sanda a jikin itatuwa, tsuntsayen su tashi su bi ta saman masu harbi. A baya akwai masu karnukan da aka hore, suna tsinto abin da ya faɗi. Wanda yake so ya nemi mai kula da dajin ta hannun wani da ya san shi, ya zo da sanda da takalmin roba da wandon da ƙaya ba ta hudawa, ya tsaya a layi daidai da na kusa da shi, ya tsaya cak idan aka ce a tsaya. Akan ba masu kora ɗan abin hasafi da abincin rana, da tsuntsu biyu, namiji da mace, sannan a ƙarshen Janairu wurare da yawa suna keɓe musu ranar da su ma za su yi harbi.

Mai son riƙe bindiga kuwa ya fara da darasi a makarantar harbi, inda ake koyo da faya-fayan yumɓu da na'ura take cillawa sama. Mallakar bindigar tsuntsaye sai da takardar shaida daga 'yan sanda, wadda take aiki shekara 5, kodayake doka ta yarda mutum ya ari bindiga a filin mai ita, a gaban idonsa, bisa sharuɗɗa. Yana da kyau a shiga ƙungiya irin BASC, wato ƙungiyar masu harbi ta Birtaniya, wadda take ba membobinta inshora. A filin harbi, bindiga takan kasance a buɗe ba harsashi a ciki har sai an busa ƙaho ko usur na farawa, kuma da an busa na tsayawa a sauke ta nan take ko da tsuntsu yana saman kai. Ba a harbin tsuntsun da ya yi ƙasa-ƙasa. Sai an ga sararin sama a bayansa, domin a cikin dajin nan mutane ne suke tahowa. Ba a bin tsuntsu da bakin bindiga har ya ratsa layin maƙwabta, kuma ba a harbe wanda ya nufi turken wani. A sa abin toshe kunne, a kuma tanadi tukuicin mai kula da daji, wanda akan miƙa masa a hannu lokacin sallama.

Musulmin da yake son cin abin da ya harbo ya ambaci sunan Allah a lokacin harbi, idan kare ya kawo tsuntsun da sauran rai ya yanka shi nan take, ya kuma roƙi masu tsinta su ware masa nasa kada ya gauraya da na jama'a. Ya sanar da mai gayya tun kafin ranar cewa ba ya shan giya ba ya cin alade, saboda a hutun hantsi waɗannan ake yawan miƙawa. Turawa sukan rataye fezan kwanaki a wuri mai sanyi kafin su fige shi don naman ya yi laushi. Naman ba shi da kitse, gasa shi yakan busar da shi, saboda haka ya fi dacewa da farfesu a kan wuta kaɗan kamar yadda ake yi wa zabo, bayan an laluba ƙirjin da yatsa an fitar da ƙwayoyin harsashi.