Yadda Ake Ɗora Harkar Shago Kan Waya Ba Tare Da Asara Ba

Yawancin ƴan kasuwar da na ga abin ya gagare su a Yamai, daga Katako har Wadata, da sayen kwamfuta suka fara, ko su biya wani yaro ya buɗe musu shafin Facebook. Kafin wata biyu kwamfuta ta sha ƙura, an koma kaye da bik. Riƙe kuɗinka tukuna, wayar Android da ke aljihunka ta isa.

Fara da layi. Sayi sabo na shago kaɗai, Airtel, Moov ko Zamani, duk wanda ya fi rezo a rumfarka, ka je da ƙafarka da katin ɗan ƙasa a rubuta shi da sunanka. A nan ne mutane ke zubewa. Maigida ya ga yaron shago ya fi shi iya latsa waya, sai a ɗora komai kan layin yaron. Shi masu saye suka sani, wurinsa kuɗi ke shiga, shi ke da lambobin dillalai. Ran da aka saɓa, ko ya tafi bida Abijan, ya tafi da kasuwar a aljihunsa, kai kuma ba ka da bakin magana a ofishin kamfanin waya, tunda ba sunanka ke kan layin ba. Ko ɗan cikinka ne ke tsaron shagon, layi ya zama naka. Ya riƙe wayar da rana, ta kwana a hannunka.

A kan wannan layi za ka sa WhatsApp Business, kyauta ne. Tun ranar farko ka saka lambar sirri mai alƙaluma 6 ta mataki na biyu, kuma lambar da ke zuwa ta SMS kada ka karanta wa kowa, ko da ya rantse daga kamfani yake kira. Kunna ajiya a Google Drive, ka rubuta kalmar sirrin Gmail a takarda ka ɓoye a gida.

Sai kuɗi. Buɗe asusu a layin, Airtel Money, MyNita ko AmanaTa, wanda masu sayenka suka fi riƙewa. Kuɗin cefane da gudummawar biki kada su bi ta nan. Hoton saƙon biya ba kuɗi ba ne: duba asusunka da idonka kafin kaya su fita. Kuɗin cirewa kuwa a yanke wa zai biya tun wajen ciniki, don jika-jika da ke zubewa nan riba ce.

Bashi ka rubuta shi a Google Sheets, manhajar jera lissafi a waya: kwanan wata, suna, kaya, abin da aka bayar, saura. Kowane dare bayan Isha'i ka gwada shi da kuɗin aljihun tebur da na waya. Wata ɗaya cur ka haɗa da kaye kafin ka ajiye shi.

Sauran mai sauƙi ne. Ɗauki hoton kaya da hasken safe, ka jera su a katalog na WhatsApp Business, kowanne da farashinsa, kada ka ce "a yi min magana". Tanadi batirin caji saboda ɗaukewar wuta lokacin zafi, Maris zuwa Mayu. Kwamfuta sai ka buɗe shago na biyu, ko ka fara sayar wa ma'aikatun da ke neman takardar ciniki mai lambar NIF, wato lambar haraji.