Yadda mai ƙaramar sana'a a Legas zai auna kuɗin wuta da na fetur

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, sannan hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, tela ko mai sayar da ƙanƙara a Agege ba shi da sauran damar tayar da janareta ba tare da lissafi ba.

Ka fara da sanin rukunin da layinka yake, domin an yi wa rukunin A alkawarin wutar awa 20 a rana, rukunin B awa 16, rukunin C kuma awa 12, kuma farashin yana bin wannan tsari. Mazauna Agege da Mile 12 su tambayi ofishin Ikeja Electric, na Obalende kuwa ofishin kamfanin wuta na Eko. Wanda ba shi da mita ya dage wajen nemanta, domin takardar ƙiyasi ba ta ba da damar yin lissafi na gaskiya.

Daga nan sai ka ware littafi na mako guda. Ka rubuta yunit ɗin da mita ta nuna lokacin buɗe shago da lokacin rufewa, tare da awannin da aka kawo wuta, sannan ka raba kuɗin yunit ɗin da ka ci da waɗannan awanni. Janareta kuma ka cika tankinsa, ka yi aikinka yadda ka saba, sannan ka sake cikawa ka ga litar da ya sha, ka raba kuɗinta da awannin da ya yi yana aiki. A ganina, wannan lissafi ya fi sauraron jita-jitar farashi amfani, ko da matatar Dangote da ke Lekki ta rage kuɗin lita, domin tsohon janaretan da ba a canza wa baƙin mai da fulogi ba yana shan fiye da ƙima.

Idan kuɗin awa guda na wuta da na janareta ya fito, ka mayar da guga da daskarar da ruwa lokacin wutar NEPA, ka bar wa janareta keken ɗinki da fitila da fanka.

Ina roƙon 'yan'uwa masu kwana a shago da kada su shigar da janareta ciki don gudun ɓarayi, saboda hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, wadda ke kashe mutum cikin barci. A ajiye shi a waje nesa da taga, a ɗaure da sarƙa, kuma kada a zuba masa mai sai an kashe shi ya huce.