Yadda Ake Gina Editan Zane Na Musamman A Kan Buɗaɗɗen Firamwok

Editan zane manhaja ce da mutum zai ɗauko akwati ko da'ira ya ajiye a allo, ya ja ta inda yake so, ya ƙara mata girma, ya haɗa ta da wata da layi, in ya yi kuskure ya koma baya. Wanda yake buƙatar irin wannan don wani aiki na musamman, kamar zanen wayoyin lantarki, taswirar hanyar sadarwar kwamfutoci, ko tsarin ɗakunan gini, ba sai ya fara daga tushe ba. Akwai firamwok, wato kwarangwal ɗin manhaja da wasu suka riga suka gina suka saki kod ɗinsa a fili, kai kuma ka ɗora naka a kai.

Wannan fanni ya daɗe. Kent Beck da Ward Cunningham sun rubuta HotDraw da harshen Smalltalk a shekarun 1980, daga baya Erich Gamma da Thomas Eggenschwiler suka fitar da JHotDraw da Java. John Vlissides kuma ya gina Unidraw a Jami'ar Stanford, ya kammala digirinsa na uku a kansa a 1990, kuma a kan Unidraw ɗin aka ɗora ivtools, wani tarin editocin zane. Vlissides ya kasa editan zane gida huɗu: siffofin da ake zanawa, kayan aikin da ake taɓa su da shi, umarnin da ke canza su, da yadda ake fitar da su zuwa fayil. Wannan rabon yana da amfani a duk firamwok ɗin da za ka ɗauka, ko da sunaye sun bambanta ko sai ka gina wani sashen da kanka.

Mataki na farko: zaɓen firamwok

Tambayar farko ita ce, a ina editan zai yi aiki? Idan a burauza ne, akwai Konva da Fabric.js da Paper.js, dukkansu da lasisin MIT. Idan zanen naka akwatuna ne da layukan haɗi, JointJS da React Flow da maxGraph sun fi dacewa. Shi maxGraph magajin mxGraph ne, wanda a kansa aka gina draw.io, kuma an daina kula da mxGraph ɗin tun 2020, don haka kada ka fara sabon aiki a kansa. Idan manhajar kwamfutar tebur ce, akwai Graphics View na Qt, wato wani tarin kayan gina manhaja, ga masu C++ da Python, sai GEF na Eclipse da JHotDraw ga masu Java.

Ka karanta lasisi kafin ka rubuta layi ɗaya. MIT da Apache 2.0 sun ba ka dama ka rufe kod ɗinka ka sayar. GPL kuwa za ta wajabta maka sakin naka kod ɗin idan ka rarraba manhajar. Wannan bambanci yana cizon masu Python sosai: cikin hanyoyin amfani da Qt a Python, PyQt6 na ƙarƙashin GPL ne ko lasisin kuɗi, PySide6 kuma na ƙarƙashin LGPL, alhali rubutun kod ɗinsu kusan iri ɗaya ne. Haka nan ba duk abin da ka ga kod ɗinsa a GitHub ne buɗaɗɗe ba.

A misalinmu za mu ɗauki Graphics View da PySide6, mu gina editan akwatuna da layukan haɗi. Graphics View ya shigo Qt tun siga ta 4.2 a 2006, ya nuna ƙwarai, kuma darussansa suna aiki a sauran.

Mataki na biyu: rubuta bayanan zanen kafin zanen kansa

Nan ne yawancin masu farawa ke yin tsalle, kuma nan ne suke karyewa daga baya. Kafin ka buɗe taga, ka rubuta a takarda abin da kowace siffa ta ƙunsa. Akwati yana da lambar shaida, wurinsa wato x da y, faɗi, tsawo, rubutu da launi. Layin haɗi yana da lambar shaida, lambar akwatin da ya fito, da lambar wanda ya nufa. Ka lura layin bai adana wurin da bakinsa yake ba, lambobin akwatunan kawai ya riƙe, domin ana iya lissafa wurin a kowane lokaci. Lambar shaidar kuma ta zama UUID, wato doguwar lambar da ake ƙirƙira don kada ta yi daidai da ta wata siffa, kada ta zama matsayin siffar a jeri, saboda da zarar an goge ɗaya duk na bayanta za su gusa.

Waɗannan bayanai su zauna a ajin kansu, wato class a kod, daban da abin da ke zana su a allo. Zane inuwar bayanai ce. In ka cakuɗa su, ranar da aka ce ka ƙara taga ta biyu mai nuna jerin siffofi, ko ka fitar da rahoto daga zanen, sai ka warware rabin aikin.

Mataki na uku: kafa fage da taga

Bayan `pip install PySide6`, abubuwa uku za ka sani. QGraphicsScene shi ne fagen da siffofi ke zaune. QGraphicsView ita ce tagar da ake leƙen fagen. QGraphicsItem kuma ita ce siffa ɗaya. Ka ba fagen iyaka tun farko, misali `setSceneRect(0, 0, 4000, 3000)`. In ba ka yi ba, Qt zai riƙa faɗaɗa fagen daidai da abin da aka zuba a ciki, sai mai amfani ya ajiye akwati ya ga duk zanen ya zabura gefe. Ka kunna Antialiasing don gefen layuka ya yi sumul, ka kuma sa `setDragMode` a RubberBandDrag don a iya zagaye siffofi da yawa a zaɓe su lokaci guda.

Ma'aunin wuri iri uku ne a nan: na taga, na fage, da na cikin siffa, kuma y ƙasa yake ƙaruwa. Wurin da linzamin kwamfuta ya danna a taga da fiksel ɗin taga yake zuwa, sai ka wuce da shi ta `mapToScene` kafin ka ajiye komai. Wanda ya manta da wannan ba zai ga matsala ba sai ranar da ya zuƙo zanen, ya danna nan akwati ya bayyana can.

Ragar bango, wato layukan da ke taimakon daidaita siffofi, a cikin `drawBackground` ake zana ta. Kada ka mai da kowane layinta siffa.

Mataki na huɗu: siffarka ta farko

Ajin da ka gada daga QGraphicsItem dole ya samar da `boundingRect` da `paint`. Na farko yana gaya wa Qt murabba'in da siffar ta mamaye, na biyu yana zana ta. Ƙa'idar ita ce kada `paint` ya zana ko ɗigo a wajen wannan murabba'i. Alƙalami yana zana rabin kaurinsa a ciki, rabi a waje, don haka akwati mai faɗi 120 da tsawo 60 da aka zana da alƙalami mai kauri 2 yana buƙatar ƙarin 1 a kowane gefe. In ka bar wannan, za ka ja akwatin ka ga ya bar siraran layuka a bayansa kamar sawun katantanwa, domin Qt bai san akwai abin sharewa a wurin ba.

Duk lokacin da girman siffa zai canza, ka kira `prepareGeometryChange()` kafin canjin. Fagen yana riƙe da fihirisar wuraren siffofi don saurin nemo su, kuma in ka canza girma a ɓoye fihirisar ta zama tsohon labari: siffa ta ƙi zaɓuwa, wani lokaci ma manhajar ta rufe kanta ba sallama. Wannan kuskure yana da wuyar ganowa domin ba nan take yake bayyana ba.

Sai `shape`, wanda ke fayyace inda dannawa ke kama siffa. In ba ka rubuta shi ba, duk murabba'in ne zai kama. Ga akwati babu laifi. Ga layin da ya karkata daga kusurwa zuwa kusurwa kuwa, mutum zai danna fili fetal ya ga an zaɓi layin. Maganin shi ne QPainterPathStroker: ka ba shi hanyar layin, ka sa faɗi 8 zuwa 10, ya ba ka siririn yanki mai bin layin wanda hannu zai iya kamawa ba tare da wahala ba.

Tutoci uku za ka ɗaga: ItemIsSelectable, ItemIsMovable, da ItemSendsGeometryChanges. Ta ukun a kashe take zuwa, kuma in ba ta, `itemChange`, wanda Qt ke kira don sanar da siffa canjin da ya same ta, ba zai ji labarin motsi ba. Da ita ne za ka sa siffa ta manne wa raga: idan ItemPositionChange ya zo, ka raba x da 10, ka mai da sakamakon cikakkiyar lamba mafi kusa, ka ninka da 10, haka ma y, sannan ka mayar da sabon wurin a matsayin amsa. Kada ka kira `setPos` a nan, zai sake kiran `itemChange` su yi ta zagaye. Idan ItemPositionHasChanged ya zo kuma, a nan akwatin zai sanar da layukan da ke jikinsa su sake lissafin bakinsu.

Mataki na biyar: kayan aiki

Kowane kayan aiki, na zaɓe ne, na ajiye akwati, ko na jan layi, ya zama ƙaramin aji mai amsa abu uku: an danna, an ja, an saki. Fagen yana riƙe da wanda ke hannu yanzu, yana miƙa masa abin da linzami ya yi. Maɓallin Esc ya soke aikin da ke tsaka ya share layin wucin gadi. Wannan tsari ne ke hana ka tara sharuɗɗa hamsin a cikin `mousePressEvent` guda.

Mataki na shida: komawa baya

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka kafa komawa baya tun kana da siffa ɗaya, domin cusa shi bayan editan ya girma na nufin bin kowane lungu da ke taɓa bayanai. Dokar guda ce: babu abin da zai canza bayanan zane sai ta hanyar umarni. Qt ya ba ka QUndoStack da QUndoCommand. Kowane umarni yana da `redo` da `undo`, kuma `push` yana kiran `redo` nan take, don haka kada ka yi aikin da hannu sannan ka tura umarnin, zai faru sau biyu.

Jan siffa yana da nasa salo. Linzami na iya aiko da motsi ɗaruruwa a ja ɗaya, kuma ba ka son mutum ya danna Ctrl+Z sau ɗari kafin akwati ya koma inda yake. Ka adana wurin farko lokacin dannawa, ka tura umarni ɗaya lokacin saki, ɗauke da tsohon wuri da sabo. In wuraren biyu ɗaya ne, kada ka tura komai. Ga motsi da maɓallan kibiya, ka rubuta `id` da `mergeWith` don a haɗe umarnan da ke jere su zama ɗaya.

Goge akwati ba goge abu ɗaya ba ne. Layukan da ke jikinsa ma dole su tafi, kuma su dawo tare da shi. Ka kewaye aikin da `beginMacro` da `endMacro`, ka fara cire layukan sannan akwatin, yadda dawowa za ta bi akasin haka, akwatin ya riga layukansa isowa. A Python, umarnin gogewar ya riƙe siffar a jikinsa, domin bayan `removeItem` fagen ya sake ta, kuma in ba mai riƙe da ita za a share ta daga ma'adana kafin a nemi dawo da ita.

Mataki na bakwai: adanawa da fitarwa

Ka adana bayanan a JSON, wato tsarin rubuta bayanai a fayil na rubutu, da lambar sigar fayil a saman, ko da 1 ce. Wata rana za ka ƙara wa akwati wani sabon bayani, kuma da wannan lamba za ka gane tsofaffin fayiloli. Wajen buɗewa, zagaye biyu ake yi: a gina akwatuna duka, sannan layuka, don kowane layi ya tarar da akwatunansa. Ka rubuta fayil da QSaveFile, wanda ke rubutawa a fayil na wucin gadi, sai ka kira `commit` ya maye gurbin tsohon. In wuta ta ɗauke a tsakiyar rubutu, tsohon zanen yana nan lafiya. Bayan adanawa ka kira `setClean` don editan ya san babu canjin da ke jira.

SVG da PNG na fitarwa ne, ba na adanawa ba, domin hoto bai san wane layi ne ke haɗe da wane akwati ba. QSvgGenerator ko QImage tare da `scene.render` sun wadatar. Ka kira `clearSelection` tukuna, in ba haka ba alamar zaɓe za ta fito a hoton.

Zuƙowa da nauyin zane

Mataki ɗaya na murza tayar linzami yawanci yana ba da 120 a `angleDelta().y()`. Ka ninka girman zanen a taga da 1.15 a kowane mataki, ka raba da shi wajen nisantawa, ka sa iyaka tsakanin 0.1 da 8 ta duba `transform().m11()`, ka kuma zaɓi AnchorUnderMouse don zanen ya zuƙo ta inda linzami yake. Ƙananan mariƙan da ake ja don canza girma su ɗauki tutar ItemIgnoresTransformations, don girmansu ya tsaya yadda yake komai zuƙowa.

Ka gwada editan da siffofi 5,000 da kod ya zuba, kada ka tsaya ga goman da ka ajiye da hannu. In ya fara jan ƙafa, ka duba `paint` da farko: kada a ƙirƙiri alƙalami ko salon rubutu a cikinsa, a tanade su tun waje. Da `levelOfDetailFromTransform` za ka san an nisanta zanen, sai ka daina zana rubutun da ido ba zai karanta ba. Idan siffofi da yawa ke motsi a lokaci guda, ka gwada `setItemIndexMethod` da NoIndex, domin sabunta fihirisa a kowane motsi na iya fin amfaninta tsada. Cikin misalan da Qt ke zuwa da su akwai Diagram Scene, mai nuna akwatuna da kibiyoyi, da 40000 Chips, mai nuna yadda ake rage zane idan an nisanta. Ka buɗe kod ɗin `paint` na wannan na biyun ka ajiye kusa da naka, ka kwatanta su layi bayan layi.