Yadda za ka yi aure ka riƙe gida a wannan tsadar ba tare da bashi ya haɗa ka da dangi ba

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lissafin aure ya rikice a unguwarmu. Litar fetur da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta taɓa 1,000, dala kuma ta wuce 1,500, toh kuma kusan duk abun da ake zubawa a akwatin lefe daga waje yake zuwa, leshi ne, turare ne, takalmi da jaka ne, har akwatin ma kanta. Sai ka ji an sa rana wata shida, an ɗaga zuwa bayan sallah, an sake ɗagawa, daga nan sai ka ji yarinya ta fita da wani. Ni na jagoranci auren ƙanina ana tsakiyar wannan yanayin, abun da na gani shi zan faɗa maka.

Fara da lissafin wata, ka ajiye lissafin biki tukuna. Ranar da ƙanin nawa ya zo min da maganar, takardarsa cike take da kuɗin hol, mai hoto, anko da motocin kai amarya. Na juya bayan takardar na ce rubuta min cefanen kwana talatin. Yai shiru. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, kwanon shinkafa nawa, mai, magi, gas ko gawayi, ruwan 'yan garuwa, kuɗin wuta, man mashin ɗinsa, kati da data na mutum biyu, sannan haya a raba ta gida goma sha biyu. Da muka haɗa sai ya ajiye biro ya ce "Yaya, wlh albashina bai kai ba." Na ce gara da ka gani yau a gabana, da ka gani wata uku bayan an kawo maka 'yar mutane. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, a Disambar shekarar kuma hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kaga duk wanda bai yi wannan lissafin ba kansa yake yaudara. In bai kai ba ba cewa nai ka fasa ba, a'a, ka nemo abun da zai cike giɓin kafin a sa rana. Shi ɗinkin hula ya koma yi da daddare, sannan ya haƙura da falat ya kama ciki da falo.

Bayan nan sai ka raba abun da addini ya ce da abun da al'ada ta ɗora. Aure na ƙulluwa da waliyyi, shaidu, sadaki da siga, walima kuma sunna ce ko da ɗan abun da ya sawwaƙa. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, yana hawa yana sauka da farashin zinare, don haka ka tambayi limamin unguwarku nawa yake a satin. Sauran kuwa, kayan na gani ina so, kamu, dina, wunin ƙauyawa, akwati saiti biyu, duk mu muka ƙirƙiro wa kanmu.

Sai dai kar ka yi gangancin zuwa gidan surukai da kanka kana karanto musu wannan, za a ce ka raina mutane. Maganar lefe ta mata ce, ka samu wadda ake jin maganarta a gidanku. Mu Gwaggonmu muka tura, da farko ita ma cewa tai "haba ɗan nan, akwati uku sai kace auren bazawara, da wane ido zan kalli mutane?" Na ce Gwaggo ki je dai ki ji ta bakinsu. Ashe uwar yarinyar ita ma kwana take ba barci saboda kayan ɗaki, gado da kujeru da kayan kicin da gara duk suna kan uban, shi kuma ɗan fansho ne. Nan suka daidaita a tsakaninsu, mu rage lefe su rage jere, gara kuma aka yafe. Kowa dama jira yake wani ya fara buɗe baki. Ko auren gata da gwamnatin Kano ta yi wa ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023 ai da gado da katifa da sadaki da ɗan jari aka yi shi, kuma ya ɗauru. Ka dai ware kuɗin gwaji, don a Kano tun 2024 doka ce sai an yi gwajin jini kafin aure, har da na sikila da ciwon hanta da ƙanjamau. Wannan kam ba a rage shi, duk wanda ya yi jinyar yaro mai sikila zai gaya maka kuɗin gwajin ba komai ba ne.

Kar ka ci bashin biki. Adashi eh, bashi a'a, musamman na manhajojin nan na waya masu tura wa duk lambobin wayarka saƙo in ka yi latti.

Yanzu ga inda mutane ba sa son a taɓo, haihuwa. Na san za a ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma gaskiya ne, ba wanda ya ce ka ƙi haihuwa don tsoron talauci. Amma tazara daban, ƙin haihuwa daban. Alƙur'ani da kansa ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, iyayenmu ma gori suke wa macen da ta yi kwanika, ma'aikatan lafiya kuma shawararsu ita ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Kuma ko an faɗa ko ba a faɗa ba mutane sun fara yi, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Najeriya na haihuwar 'ya'ya 5.3 a matsakaici, a Arewa maso Yamma 6.6, na 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna na ƙasar ya sauko 4.8. Abun da zan ce maka shi ne ku yi maganar ku biyu, ba ita ta je ta yi a ɓoye ba, ba kai ka yanke hukunci kai kaɗai ba, ku je asibiti tare a yi muku bayanin hanyoyin, kar a sayi ƙwaya a kemis don maƙociya ta ce ita ta karɓe ta.

In ciki ya samu kuma, ranar da aka fara awo ranar za ka buɗe asusu, ba a fafe gora ranar tafiya. Mu maza ragon suna muke fara tunani, alhali abun da ke kayar da magidanci shi ne a ce da tsakar dare sai an yi aiki ko sai an ƙara jini, ga kuɗin mota, ga magani, ka ga mutum yana kiran wanda ya shekara bai gaishe shi ba. Ajiye na asibiti tukuna, sai na itacen wankan jego da kunun kanwa, rago ya zo daga baya. In akwai inshorar lafiya ta jiha a inda kake ka yi rajista tun cikin bai tsufa ba.

In matarka na sana'a, ko ƙosai ne ko sayar da atamfa a WhatsApp, ka ƙarfafa ta, amma ka sani kuɗinta nata ne, ciyarwa a wuyanka take. In ta taimaka ka gode, in aro ne ka kira shi aro kuma ka biya, aure da yawa a nan ya fara tsami. Mai shirin ƙara ta biyu kuwa, ya juya bayan takardar nan ya ninka lissafin kawai.

Sai dangi. Da can in an ce zumunci a ƙafa yake ai kuɗin mota bai kai haka ba, yanzu zuwa suna a Gaya ko Bichi da iyali sai ka ci cefanen kwana biyu, shi ya sa aka koma tura "Allah ya raya" a guruf, tsofaffi kuma suna ganin an yar da su. Ka ware wa zumunci nasa kason a wata komai ƙanƙantarsa, iyaye a gaba, sai mara lafiya, sai rasuwa, biki a ƙarshe. Anko ba dole ba ne, ka je da wankakkun kayanka. In an roƙe ka babu, ka ce babu da bakinka cikin mutunci, kar ka ce "zan turo" sannan ka daina ɗaga waya, wannan ya fi babun ciwo. Mu a gidanmu asusu muka buɗe, kowane magidanci na saka abun da aka yanka duk ƙarshen wata, Baffanmu ke riƙe da littafin, an kuma rubuta ƙarara cewa na asibiti ne da makaranta da rasuwa, ba a taɓa shi don dina. An yi rigima a watan farko da wata 'yar uwa ta nemi a cika mata kuɗin kujerun 'yarta aka hana, ta fita daga guruf ɗin ma. Da aka kwantar da mijinta daga asusun aka biya, ba wanda ya tayar mata da zancen, Baffa dai ya sa aka mayar da lambarta.